Yadda Ake Gano Matsalar Saba Mai Aiki a Cikin Kwamfutar Kwaikwayo

Ƙananan ofisoshi da yawa na 'yan'uwanmu a Jidda da Makka da Madina, irin na masu aika kaya zuwa Kano da Yamai da na masu shirya wa alhazai masauki da mota, sun daina ajiye kwamfuta daban domin kowane aiki. Abin da aka fi gani yanzu shi ne inji ɗaya mai ƙarfi a kusurwar ofis, a cikinsa kuma akwai kwamfutocin kwaikwayo biyu ko uku, waɗanda masu sana'a ke kira VM: ɗaya tana riƙe da manhajar lissafin kuɗi, ɗaya tana ajiye fayilolin ma'aikata, ɗaya kuma tana fitar da rasit. Kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutocin ofis irin wannan hidima ita ake kira saba. Tsarin yana rage kashe kuɗi ƙwarai, amma ranar da ya tsaya, wanda aka kira gyara yakan rasa ta inda zai kama, domin inda alamar ta bayyana ba lallai ne nan cutar take ba.

Domin bayani ya tafi daidai, zan kira injin na zahiri tare da manhajar da ke rarraba ƙarfinsa da sunan mai masauki, ko VMware ESXi ce, ko Hyper-V ta kamfanin Microsoft, ko Proxmox da aka gina a kan KVM, ko VirtualBox. Babbar manhajar sabar da ke zaune a ciki kuwa, Windows Server ce ko Ubuntu ko Debian ko Rocky Linux, ita ce baƙo. Baƙon nan bai mallaki komai ba. Faifansa wuri ne da aka ware masa a kan faifan mai masauki, RAM ɗinsa rabo ne da aka yanka masa, katin netwok ɗinsa manhaja ce ta ƙirƙira shi, kuma ko furosesa sai layi ya zo kansa yake amfani da ita. Saboda haka ƙa'idar da nake so mai karatu ya riƙe ita ce a fara bincike daga ƙasa, wato daga mai masauki, sannan a hau zuwa baƙo. Wanda ya fara daga sama yakan ɓata yini guda yana gyaran abin da lafiyarsa ƙalau.

Kafin ka taɓa komai

Kada ka yi gaggawar kashewa da kunnawa, ko da mai ofis yana tsaye a kanka yana duban agogo. Kashewa da ƙarfi yana share saƙon da zai nuna maka hanya, kuma idan ya zo daidai lokacin da rumbun bayanai ke rubutu, sai ƙaramar matsala ta zama babba. Ka fara ɗaukar hoton allon da wayarka, sannan ka tambayi mutanen ofis yaushe suka fara ganin abin, da abin da aka canza a kwanakin nan, ko an yi sabuntawa, ko an kawo sabon rawuta, ko wuta ta ɗauke, ko an matsar da injin domin shara. Tambaya mafi amfani ita ce ko baƙo ɗaya ne ya tsaya ko dukkansu. Idan duka ne, to babu dalilin shiga cikin ko ɗaya daga cikinsu tukuna.

Daga nan sai ka shiga ta tagar da mai masauki ke bayarwa, wato wadda ke nuna fuskar baƙo kai tsaye ba tare da bi ta netwok ɗinsa ba. Sau da yawa idan aka ce maka saba ta mutu, abin da ake nufi shi ne Remote Desktop ko SSH, wato hanyoyin shiga saba daga nesa, sun ƙi shiga, alhali ita sabar tana nan da ranta. Ka kuma je gaban injin da ƙafarka. Ka duba ko fitilar wani faifai ta koma ruwan lemo, ka saurari ƙarar fanka, kuma idan injin na Dell ne ko HPE, ka buɗe iDRAC ko iLO, wato shafin lura da lafiyar injin, ka karanta rahoton zafi da na faifai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watannin bazara, musamman a ofisoshin da ake kashe na'urar sanyaya ɗaki idan an tashi hutun Juma'a da Asabar, a bar injin yana aiki a ɗaki rufe. Furosesa idan ta yi zafi tana rage gudu da kanta, idan abin ya tsananta kuma injin ya kashe kansa.

Faifan da ya cika

A nan zan daɗe, domin a abin da na gani nan ne matsala ta fi fitowa, kuma nan ne aka fi yin gyaran da ke kawo asara. Yawancin faifan kwaikwayo ana yin su ne da tsarin da ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da aka rubuta. Kana iya ba baƙi uku gigabait 500 kowanne a kan faifan zahiri mai terabait 1, komai kuma ya tafi daidai har ranar da suka girma suka cinye shi. A ranar, kowane baƙo idan ka duba cikinsa zai ce maka yana da sauran wuri, amma mai masauki ba shi da inda zai rubuta. Hyper-V yakan dakatar da baƙon ya rubuta Paused-Critical a gefen sunansa, Proxmox yakan nuna io-error, ESXi kuma yakan tsayar da shi da saƙon cewa babu sauran wuri. A Proxmox umarnin lvs zai nuna maka kashi nawa cikin ɗari aka cinye a ƙarƙashin Data%.

Abin da ya fi cika faifai a ɓoye shi ne sinafshot, wato hoton halin da baƙo yake ciki da ake ɗauka domin a iya komawa gare shi, wanda Hyper-V ke kira checkpoint. Da zarar an ɗauke shi, a tsarin VMware da Hyper-V asalin faifan yana daina karɓar rubutu, duk wani sabon abu kuma yana shiga wani fayil na daban da ke ta girma kullum. A Hyper-V sunan fayil ɗin yana ƙarewa da avhdx, a VMware kuma za ka ga lamba irin 000001 a jikin sunan. An taɓa kirana wani ofishin aika kaya a Jidda a watan Zulƙida, daidai lokacin da aiki ya fi yawa, na tarar da sinafshot da aka ɗauka tun Sha'aban kafin wata sabuntawa, aka manta da shi. Fayil ɗin ya girma har ya kusa kai asalin faifan, masu karɓar kaya suna zaune da jakunkuna a bakin ƙofa ana rubuta musu rasit da biro. Kamfanin VMware da kansa yana ba da shawarar kada sinafshot ya wuce awa 72, kuma ko da yake yana yarda a jera har 32, shawararsa ita ce a tsaya a biyu ko uku.

Ina roƙon mai karatu ya kiyaye wannan sosai: kada ka taɓa goge irin wannan fayil da hannu domin samar da wuri. Duk aikin da aka yi tun ranar da aka ɗauki sinafshot ɗin yana cikinsa, goge shi kuwa goge aikin watannin ne. Hanyar da ta dace ita ce ka fara samar da fili ta wata hanya, kamar kwashe tsofaffin fayilolin ISO na girka manhaja ko kashe wani baƙo da ba a buƙata ka matsar da shi zuwa faifan waje, sannan ka goge sinafshot ɗin daga cikin manhajar mai masauki, wadda za ta haɗe shi da asalin faifan. Haɗewar tana iya ɗaukar sa'o'i, tana kuma iya zama kamar ta tsaya a kashi 99, amma kada ka katse ta. Ya kamata kuma mai ofis ya fahimci cewa sinafshot ba kwafin ajiya ba ne, tun da yana zaune a faifai ɗaya da asalin, kuma idan faifan ya lalace tare za su tafi.

Idan mai masauki yana da wuri, sai ka duba cikin baƙo. A Linux umarnin df -h yana nuna cikar kowane sashe, amma ka haɗa da df -i, domin faifai yana iya ƙin karɓar sabon fayil alhali akwai fili, idan miliyoyin ƙananan fayiloli sun cinye gurbin rajistarsa. Idan ka ga saƙon Read-only file system, to baƙon ya gamu da kuskure wajen rubutu ne ya kulle faifan domin kare bayanai, kuma dmesg zai faɗa maka lokacin da abin ya faru. Ƙara girman faifai daga wajen mai masauki rabin aiki ne, domin sai an shiga ciki an faɗaɗa sashen da growpart, a bi da pvresize da lvextend idan akwai LVM, wato tsarin Linux na rarraba faifai, a ƙarasa da resize2fs ga ext4 ko xfs_growfs ga XFS. Masu Ubuntu Server su duba vgs tukuna, saboda idan an bar zaɓin da ya zo da shi wajen girkawa, yakan bar wani kaso na faifan ba tare da ya yi amfani da shi ba.

Idan baƙo ya ƙi tashi

Baƙon da ya ƙi tashi bayan an matsar da shi daga wani mai masauki zuwa wani, kusan kullum ɗaya daga abubuwa biyu ne ke damunsa. Irin wannan ƙaura ta zama ruwan dare, domin tun bayan da Broadcom ya kammala sayen VMware a Nuwamban 2023 tsarin lasisi ya canza, ƙananan ofisoshi da dama suka koma Proxmox ko Hyper-V. Abu na farko da ke damun baƙon shi ne saɓanin BIOS da UEFI, wato hanyoyi biyu da inji ke bi wajen tashi: sabar da aka girka a ɗaya ba za ta tashi a ɗayan ba, sai dai ta ce ba ta ga faifan tashi ba. A Hyper-V, Generation 1 na BIOS ne, Generation 2 na UEFI, kuma idan Linux ne a Generation 2 sai an sauya samfurin Secure Boot zuwa Microsoft UEFI Certificate Authority ko a kashe shi. Na biyu shi ne direban faifai. Windows Server da aka ɗora a kan faifan VirtIO, wato irin faifan kwaikwayo na KVM da Proxmox, ba tare da direbansa ba zai nuna shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Maganin shi ne ka mayar da nau'in faifan zuwa SATA domin ya tashi, ka girka direbobin virtio-win, ka haɗa masa wani ɗan ƙaramin faifan VirtIO domin Windows ya fara amfani da direban, sannan ka sauya babban faifan.

A Linux kuwa, idan ya tsaya a emergency mode, fara da /etc/fstab. Ka kwatanta lambobin UUID, wato lambobin shaidar faifai, da ke ciki da abin da blkid ya nuna, domin faifai ɗaya da aka cire ko aka sauya ya isa ya hana sabar duka tashi, sai dai in an rubuta nofail a layinsa. Umarnin journalctl -b -1 yana nuna rahoton tashin da ya gabata, idan an saita ajiye rahoto a faifai. Idan har sai an gyara tsarin fayil, ka kwafi faifan kwaikwayon gaba ɗaya tukuna, kuma kada ka gudanar da fsck ko xfs_repair a kan sashen da ke buɗe ana amfani da shi. Idan mai masauki ne ya ce ba zai iya tayar da kowane baƙo ba, duba ko saitin da ke ba furosesa damar ɗaukar baƙi, wato VT-x na Intel ko SVM na AMD, a kashe yake a BIOS, abin da kan faru bayan sabunta BIOS ko mutuwar ƙaramin batirin allon injin.

Saba mai nauyi

Abin da mutane suka fi yi idan saba ta yi nauyi shi ne su ƙara mata furosesa, kuma sau da yawa hakan ƙara dagula lamarin yake yi, domin idan jimillar abin da aka raba wa baƙi ta fi ƙarfin injin nesa ba kusa ba, kowa zai koma jiran layi. A Linux buɗe top ka duba lambar st, wadda ke nuna lokacin da baƙon ya nemi furosesa aka hana shi. A ESXi abin dubawa shi ne %RDY a cikin esxtop. Idan waɗannan sun yi sama, rage wa baƙin da ba sa buƙata ya fi ƙarawa amfani. Ka duba lambar wa ma a wannan layi na top, domin idan ita ce ta yi yawa to faifai ake jira, kuma injin da ke ɗauke da rumbun bayanai a kan tsohon faifai mai juyawa babu abin da zai warkar da shi kamar SSD.

RAM ma haka yake. Idan mai masauki ya matsu yakan karɓe wani abu daga hannun baƙi, ko ya koma rubuta shi a faifai, nan take komai ya yi sanyi. Idan wata manhaja a Linux tana mutuwa ba dalili, nemi kalmomin Out of memory a rahoton dmesg. Sannan ka tabbatar an girka kayan haɗin baƙo da mai masauki, wato VMware Tools ko open-vm-tools, ko qemu-guest-agent, ko Guest Additions, domin rashinsu yana kawo nauyi da rashin kashewa cikin tsari.

Netwok

Bi hanyar daki-daki daga kusa zuwa nesa: shin baƙon yana da adireshin IP, yana jin rawuta idan ka yi ping, yana kaiwa ga adireshin waje da lamba, sannan yana gane suna? Inda aka tsaya nan ne matsalar. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nufin bai samu amsa daga DHCP mai raba adireshi ba. Idan ka ga 10.0.2.15 a VirtualBox, to katin yana kan NAT ne, shi ya sa sabar ke shiga intanet amma kwamfutocin ofis ba sa ganinta, sai an mayar da shi Bridged. Bayan ƙaura sunan katin yakan canza a Linux, misali daga ens192 zuwa ens18, fayil ɗin netplan kuma yana nan yana kiran tsohon suna. A Windows tsohon katin yakan ɓuya yana riƙe da adireshin, sai ka nuna ɓoyayyun na'urori a Device Manager ka cire shi. Saba biyu da aka kwafa daga tushe ɗaya kuma suna iya faɗa a kan adireshi ɗaya idan MAC ɗinsu, wato lambar katin netwok, ko /etc/machine-id iri ɗaya ne, alamar hakan ita ce haɗi yana zuwa yana ɗaukewa.

Agogo da kalanda

Wannan sashe ya shafe mu a Saudiyya fiye da yadda ake zato. Agogon baƙo yana iya zamewa bayan an dakatar da shi ko an mayar da shi wani tsohon sinafshot, kuma a tsarin Active Directory, wanda ke kula da asusun ma'aikata a Windows, bambancin da ya wuce minti 5 ya isa ya hana ma'aikata shiga da kalmar sirrinsu ta gaskiya. A Windows rubuta w32tm /query /source ka ga daga ina yake karɓar lokaci, a Linux kuma timedatectl da chronyc tracking. Abin gudu shi ne a ce baƙo yana karɓar lokaci daga mai masauki, shi kuma mai masauki yana karɓa daga wannan baƙon, sai su riƙa ɓata tare. Yankin lokaci ya zama Asia/Riyadh, wato awa 3 gaba da agogon duniya, ba ya canzawa rani da damina. Sabar da wani ɗan'uwa ya saita daga gida ya bar ta a agogon Najeriya za ta kasance awa 2 baya. Tun da Hukumar Zakka da Haraji da Kwastam ta wajabta rasit na lantarki daga 4 ga Disamba 2021, ta kuma fara matakin haɗa manhajoji da rumbunta daga 1 ga Janairu 2023, kwanan wata da lokaci suna cikin abin da lambar QR ta rasit ke ɗauke da shi, saboda haka agogon da ya kauce yana iya jawo wa mai ofis tambayoyin da bai shirya musu ba.

Akwai kuma batun kalanda. Idan aka zaɓi Larabcin Saudiyya a matsayin tsarin yanki a Windows, kalandar Ummul Ƙura ce ke zuwa da shi. Manhajar da ba a rubuta ta da sanin haka ba tana iya aika shekarar Hijira kamar 1447 zuwa rumbun bayanai, shi kuwa nau'in datetime na SQL Server ba ya karɓar shekarar da ta gaza 1753, sai ya ƙi ajiye bayanin. Idan manhaja tana aiki a asusun wani ma'aikaci tana ƙi a na wani, duba wannan saitin a asusun da take gudana a ƙarƙashinsa.

Sabar da ke kashe kanta

Idan Windows Server yana mutuwa da kansa, buɗe Event Viewer a sashen System. Lamba 1074 tana nufin wata manhaja ko wani mutum ne ya ba da umarnin kashewa, kuma za ta ambaci sunansa. Lamba 41 da 6008 suna nufin an yanke shi ne ba shiri, wanda ke mayar da kai ga mai masauki da wuta da zafi. Idan kashewar tana zuwa kusan kowace awa ɗaya kuma 1074 ta ambaci wlms.exe, to bugun gwaji ne aka girka, wanda wa'adinsa kwana 180 ne, ya kuma ƙare. Umarnin slmgr /dlv zai tabbatar maka, gyaransa kuma shi ne sayen lasisi na halal a sauya bugun da umarnin DISM, ba sake girkawa ba.

Ka kuma faɗa wa mai ofis gaskiya idan babbar manhajar ta tsufa. Windows Server 2012 R2 ya daina samun tallafi a ranar 10 ga Oktoba 2023, CentOS 7 kuma a ranar 30 ga Yuni 2024, kuma sababbin direbobi da manhajoji suna ta barinsu a baya. Idan bincike ya kai ka ga cewa sai an dawo da kwafin ajiya, kada ka ɗora shi a kan baƙon da ya lalace. Ka dawo da shi a matsayin sabon baƙo, katin netwok ɗinsa a cire, ka shiga ta tagar mai masauki ka duba rasit na ƙarshe da ke ciki tare da mai lissafin ofis, sannan ka kashe tsohon ka haɗa sabon. Idan kwafin ya daɗe kuma sabar tana cikin Active Directory, tana iya cewa amincin da ke tsakaninta da Active Directory ɗin ya yanke, domin kalmar sirrin inji tana sauyawa duk kwana 30, sai ka shiga da asusun shugaba na cikin sabar ka gyara da Test-ComputerSecureChannel -Repair. Tsohon faifan kuma ka bar shi a ajiye har sai ofis ya yi aikin mako guda cur a kan sabon ba tare da an nemi wani abu an rasa ba.